Fakarar Baƙon Kazaure

Shekara talatin da huɗu Malam Zarami yana zana dabbobi da tsuntsaye a littattafan yara, amma har yau a Kazaure ana tambayarsa yaushe zai nemi aikin yi. Wannan ya daina damunsa. Abin da ya dame shi fakara ce.

Shafi ɗaya ya rage a littafinsa na tsuntsayen dawa, kuma shi mutum ne mai taurin kai: ba ya zana abin da bai gani da rai ba. Ga likita ya gaya masa hawan jinin ido gare shi, ganin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan littafi shi ne na ƙarshe, ya sani sarai.

A Babura an kawo masa zabuwa, aka ce ai duk ɗaya ne. A Gwiwa ya yini a bakin gona, fakarar na kuka a bayansa kamar da gayya. Takaici ya ishe shi.

Ana nan sai Muhammadu Lawal, wani maharbi a Roni, ya bugo waya cewa tarkonsa ya kama ɗaya, lafiyarta ƙalau.

"Kada kowa ya taɓa ta!" in ji Malam.

"Baba, har na gaya wa mutanen gida ta baƙon Kazaure ce."

To, nan aka yi ɓarnar. Lawal ya hau babur ya tafi tasha tarbar baƙo, ya bar tsuntsuwar a hannun mahaifiyarsa, Iya Dela, wadda ba a taɓa yin baƙo a gidanta ya tashi da yunwa ba.

Tun daga zaure ƙamshi ya tarbe su. Malam ya zauna a tabarma, ya fere fensir, ya buɗe takarda. Sai ga Iya da kwano a rufe da faifai.

"Sannu da hanya, Malam. Ga fakararka. Liman da kansa ya yanka ta."

Malam ya dubi kwanon, ya dubi Lawal. Lawal ya dubi ƙasa.

"Iya, zana ta zan yi! Zane! Romo zan nuna wa yara?"

"Ikon Allah. Mutum ya taso tun daga Kazaure don ya kalli nama?"

Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma tsohuwa ce, ba damar faɗa. Ya haɗiye sauran maganar, ya ce ko gashin a ba shi. Iya ta je bayan murhu ta tattaro masa a faifai, tana mita.

Ya ɗauki ɗaya ya fita tsakar gida inda rana take. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ya san akwai zane a jikin gashin, fari da baƙi. Abin da ya gani kawai wani dishi-dishi ne ruwan ƙasa. Ashe ko da rai ya same ta, haka zai gan ta.

Sannan ya dawo ya zauna, ya miƙa wa tsohuwar gashin.

"Iya, ke kika fige ta. Zauna ki faɗa mini yadda take."

"Sai ka ci tukuna," in ji Iya Dela, ta tura masa kwanon.