Ramin da Bibi Mboja Ba Ta Taɓawa

"Bibi, mayar da wurin nan. Ba a ɗiba sau biyu a jere."

"A tekun wa? Nawa, ko naki na katako?"

Mwatima ta danne dariya. Tun bayan la'asar suke zaune a dakalin ƙofar gida, ita da kakarta Bi Mboja, allon bao, wasan dara da ake yi da ƙwayoyin wuri, a tsakaninsu. Na marigayi Babu Shaame ne, mijin tsohuwar. Mwatima ta yi wa ramukansa fenti: layin farko dajin mikoko, itatuwan da ke tsirowa a bakin teku, inda kifi ke renon 'ya'yansa, na biyu ciyawar teku, na can gaba duwatsun murjani, gidan pweza, dabbar ruwa mai hannu takwas. Kowace ƙwayar wuri tana matsayin pweza ɗaya. Ramin da aka ƙyale har zagaye uku, abin da ke ciki ya ninka.

Da wannan allon ta zaga ƙauyuka huɗu na Pemba, mutane suka buga, suka yi ihu, suka gane. Saura ƙauyensu. Gobe mata masu kamun pweza za su yanke ko a rufe duwatsun, a hana kamu har wata uku, kuma kowa ya san babu hannun da zai tashi kafin na Bi Mboja. Ita kuwa tun makon jiya ta ce a'a.

"Malama," in ji tsohuwar tana karkaɗa wuri a tafinta, "wa ya gaya miki kullum ake shiga teku? Sai ruwa ya ja da baya sosai, a tsayuwar wata da cikarsa. Pwezanki ba su san wata ba?"

Kunya ta kama Mwatima. Ƙauyuka huɗu, babu wanda ya faɗa mata.

"Zan gyara."

"Ki gyara. Kin je birni kin karanta teku a takarda, ƙafarki ko kaushi babu."

"Taki ai ta ishe mu mu biyu, Bibi."

"Ji mara kunya! Buga."

Suka ci gaba. Bi Mboja ba ta wasa da wasa. Ta share ciyawa, ta kwashe duwatsu rami bayan rami, tana yi wa jikarta gwalo. Amma Mwatima ta lura da wani abu: rami na ƙarshe ta hannun dama, hannun tsohuwar yakan je kansa, ya tsaya, ya wuce. Sau uku ke nan Mwatima tana ninka wurin da ke ciki, har ya cika ya tumbatsa.

"Bibi, ga nasararki a gabanki. Ki kwashe wancan kin cinye ni."

"Bar shi."

"Don me?"

Tsohuwar ta ɗora yatsa a bakin ramin, inda katakon ya yi sulɓi saboda hannun mai shi.

"Kin sa shi ta kudu. Dutsen kakanki ke nan."

Mwatima ta sake duban ramin. Ta san wurin. Can Babu Shaame yake tsayar da kwalekwalensa ya jira matarsa ta gama zungurar ramuka da sandarta, su dawo tare, shi yana tuƙi ita tana masa faɗa. Tun da ya rasu bara, ba a sake ganinta a can ba, sauran matan ma suka ƙaurace wa wurin don kara.

"Na je," in ji Bi Mboja, muryarta ƙasa-ƙasa. "Cikar watan da ya wuce. Ban gaya wa kowa ba. Na ce bari in gaishe shi kawai." Ta miƙe hannunta, ta nuna daga yatsu har kafaɗa. "Pweza kamar nan. Tun ina amarya rabon da in ga irinsu. Ɗaya na samu kwance kan ƙwanta, ta jawo tsakuwa ta toshe ƙofa. Na mayar mata da dutsenta, na dawo kwando wayam."

"To me ya sa kika ce a'a?"

"In aka buɗe bayan wata uku, maza za su zo da jirage da tabaran nutso, su kwashe a yini guda. Har nasa." Ta share ido da gefen zanenta. "Da ba a sani ba, da ya zauna lafiya."

Mwatima ta matsa kusa. Ta kwantar da kai a kafaɗar da ke ƙanshin kanumfari da gishiri. Can ta ɗauki murfin kwanon shayi ta kifa a kan ramin.

"In akwai ramin da ba a buɗewa ko yaushe fa? Ya riƙa zuba wa na kusa da shi."

Bi Mboja ta daɗe tana kallon murfin. Ta ɗaga shi kaɗan, ta zaro wuri biyu, ta jefa ɗaya hagu, ɗaya a layin ciyawa, ta mayar ta rufe.

"Haka suke yi," ta ce. "In gida ya yi musu kaɗan, sai su fita."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta leƙa ta kan shinge ta ƙwala wa maƙwabciyarta kira.

"Bi Tatu! Ki gaya wa mata gobe kowa ta zo da wuri, za mu buga bao kafin a yi magana. Ni zan fara ɗaga hannu, a rufe wata uku. Amma ranar buɗewa mata ne a gaba, dutsen Shaame kuma ba za a buɗe shi ba har abada."