Rantsuwar Malam Halliru a Kan Famfo

Ni da Malam Halliru taubasai ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka tun muna yara muke da izinin tsokanar juna. Yanzu duk mun haura sittin. Shi ya yi ritaya daga aikin malamin gona a Roni, ni kuma ina nan da gonata da kekena, amma har yau ba wanda ya saduda a cikinmu.

Rigimar ta samo asali ne daga tsarabar da ɗansa ya aiko masa daga Legas: wani ɗan kan ƙarfe da 'yan kwalaben ƙarfe guda uku, kowacce ba ta fi babban yatsa ba. Wai iskar gas ce a matse a ciki, in ka ɗaura a bakin bawul ɗin taya, inda ake sa mata iska, ka murɗa, nan take taya ta cika. Halliru ya kawo su majalisarmu ta gindin dalbejiya bayan la'asar, ya sace iskar tayar kekensa da gangan, ya murɗa kwalba ɗaya. Kafin in gyara zama taya ta yi tam. Gaskiya abin ya burge ni, amma ko da wasa ban bari ya gani a fuskata ba.

Na ce, "To Malam, in kwalaben sun ƙare fa?"

Ya ce, "Kafin su ƙare kai ka ƙare, Daudu. Kullum kana sama kana ƙasa a kan famfo kamar mai dakan fura." Majalisa ta yi dariya, dariyar kuwa ta hau masa kai. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Wallahi ni da hannuna ba zan sake buga wa taya iska da famfo ba."

Na'ibin liman yana wurin, ya ce, "Malam, rantsuwa fa ka yi."

"Na sani. Ku zama shaida."

Bayan mako biyu aka sa ɗaurin auren Saude, 'yar ƙanensa marigayi, a wani ƙauye cikin ƙasar Gwiwa inda mahaifiyarta take zaune. Halliru ne waliyyi. Ƙarfe sha ɗaya aka sa, kuma limamin ƙauyen ya yi suna wajen rashin jira: in waliyyi ya makara, sai ya sa dangi su tsayar da wani a ɗaura. Halliru ya ce ko da rarrafe ne shi zai ba da auren yarinyar nan. Acaɓa kuwa ba ya hawa tun ran da wani ya zubar da shi a kwata, don haka muka kama 'yar hanyar cikin gonaki a kan kekunanmu. Shi da babbar riga da kwalabe biyu a aljihu, ni da ƙullin goro da dabino a kariyar baya, tsohon famfona kuma ɗaure da tsumma a jikin keke.

Mun ci fiye da rabin hanya sai tayarsa ta baya ta taka ƙayar aduwa ta sace. Muka kifa keken a inuwa, na zaro tub.

Waɗanda suka ƙera kwalaben nan, ina jin, mutane ne masu yar da tub su sa sabo. Mu kuwa faci muke yi, shi kuma faci iska uku yake ci: ta neman huda, ta gwada facin, da ta tafiya. Na lissafa masa haka a kan yatsuna uku, na dubi aljihunsa mai kwalba biyu. Ya ce in yi aikina in bar masa lissafi.

Ya murɗa ta farko. Tub ya kumbura har na ja da baya, kwalbar kuma ta yi sanyin ƙanƙara, ya sake ta yana yarfe hannu. Na dai ji inda iska ke fita, na dafe wurin da yatsa. Na kankare, na shafa sholisho, na manna faci.

Na ce, "Saura gwaji. A sa masa iska kaɗan in bi shi da kunne."

"Babu wani gwaji. Mayar da shi."

Na mayar. Ya murɗa ta biyu, taya ta cika tam, ya dube ni ya ce, "Da kai ne da yanzu kana bugu na arba'in." Muka hau. Ba mu wuce gona biyu ba tayar ta sake kwanciya. Ashe ƙayar ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan, huda biyu ta yi.

Na sake zaro tub, na gano huda ta biyu daidai bayan ta farko, na manne ta. Sai na kwance famfona na ajiye a ƙasa tsakaninmu, na koma gindin aduwa na zauna.

Ya ce, "Tashi ka buga mana."

Na dafe kafaɗa na yamutsa fuska. "Ai Malam kafaɗar nan tun jiya ta riƙe. Dakan furar nan ne ya gama da ni."

Ya san ƙarya nake yi, ni ma na san ya sani. Ya dubi kekena. Na tuna masa cewa ba shi da birki, da ƙafa nake tsayar da shi, kuma ba zai ja ƙattai biyu cikin rairayi ba. Ya dubi hanya gaba da baya, ko akuya babu. Niyyata in bar shi ya roƙe ni sau uku, ya ce famfo ya fi kwalba, sannan in tashi. Abin da nake jira ke nan, har ina shirya yadda zan ba da labarin a majalisa.

Bai roƙe ni ba. Ya dubi agogonsa, ya cire babbar rigarsa ya ninke a kan sirdi. Ya ce, ba da ni yake ba, "Yarinyar nan ba ta da uba sai ni." Ya sunkuya ya ɗauki famfon.

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na zabura na ce, "Kawo, Malam, wasa nake yi."

Ya riga ya danna sau ɗaya. Ya ce, "Koma ka zauna, kada kafaɗarka ta ƙaru." Haka ya yi ta bugu shi kaɗai, gumi na ɗiga daga gemunsa, ni kuma ina tsaye ban san inda zan sa hannuwana ba.

Mun isa ana cikin shimfiɗa tabarmi, liman na tambayar ina waliyyin amarya. Halliru ya kutsa yana haki, tafin hannunsa baƙi ƙirin da dattin taya, ya ce, "Ga ni." Shi ya ba da auren Saude. A hanyar dawowa bai ce mini uffan ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Ranar Juma'a ya yi kaffarar rantsuwarsa. Aka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka a gidansa, kwano goma na miskinai goma. Tara aka kai inda ya kamata. Na goman kuwa shi da kansa ya ɗauko, ya ratso majalisa tana cike, ya dire a gabana. Ya dubi na'ibi ya ce, "Malam, tsohon da kafaɗarsa ta mutu, ba ya iya ko buga famfo, ai ya shiga cikin miskinai ko?"

Na'ibi ya ce ai shi ba likita ba ne, sai dai a tambayi mai kafaɗar. Duk suka juyo suna kallona. In na ce lafiyata ƙalau, na tona wa kaina asiri a kan abin da na yi masa a hanya. Na wanke hannu, na jawo kwanon, na ci tuwon nan a gaban kowa, shi kuma yana zaune kusa da ni yana tambayata ko in kira a ba ni a baki.