Dunƙulen Hanifa a gindin jirgi

Duk Zauro babu wanda ya tsani tsatsa kamar Malam Sama'ila. Ko laujen wani ya gani ya yi ja, sai ya tsaya ya yi wa mai shi nasiha. Kamar kuma da gayya, abin da ya fi ƙauna bayan 'yarsa Hanifa ƙarfe ne mai kwana cikin ruwa, wato tsohon jirginsa, wanda Goodluck mai walda na Gwadangaji ya haɗa masa tun Hanifa tana goye. Da shi yake kwaso shinkafarsa daga tsallaken Rima kafin ruwa ya rufe fadama. In babu jirgin nan, noman shekara rabon gulbi ne.

Jirgin dai ya sha jiki. An liƙe, an sake liƙewa, har Goodluck ya ce shi kam bai ga sauran wurin da zai ɗora wuta ba.

Ana haka Hanifa ta zo hutu daga jami'a, inda take bincike kan yadda ruwa ke cin ƙarfe. Ta ciro wani dunƙulen ƙarfe fari-fari, kamar curin sabulu, ta ajiye gaban mahaifinta.

"Baba, mu munka haɗa shi da hannunmu," in ji ta. "Irin wanda kowa ya sani ya hi aiki ga ruwan gishiri, wanga ko na ruwan gulbi na. In anka ɗaure shi ga jirgi, shi ruwa ka ci, shi bar maka jirginka."

Sama'ila ya yi ta gyaɗa kai, amma gaskiya daga "mu munka haɗa shi" bai ƙara jin komai ba, daɗi ya toshe masa kunne. Kafin Goodluck ya ɗaure dunƙulen a gindin jirgi, sai da Sama'ila ya zaga majalisa da shi, ya kai shi har Argungu gidan ƙanwarsa a aljihun babbar riga. Kowa ya ɗauka ya jinjina, ya sa wa yarinya albarka.

Hanifa ta koma makaranta. Ba a daɗe ba Sama'ila ya kifa jirgin zai wanke, sai ya duba gindinsa. Dunƙulen ya yi ramuka, ya yi wani farin gari-gari, gefensa ya zaizaye. Abin da 'yarsa ta ɓata idonta a kai, shi ne ruwa zai lashe yana kallo? Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya kwance shi, ya kankare, ya yi masa fenti, ya ƙara, ya bi da giris. Da zai mayar, ya yanko tsohuwar roba ya sa tsakaninsa da jirgin, ya naɗe har ƙusar da ke riƙe da shi, kada tsatsar tsoho ta shafi sabo. Daga ranar sufana ba ta ƙara barin aljihunsa ba, bini-bini ya kwance dunƙulen ya sabunta masa fenti.

Duk kiran da Hanifa za ta yi, bayan gaisuwa sai ta ce, "Baba, ya dunƙulen? Ya rage da yawa?"

"Ina hwa! Shina nan yadda kinka bar shi, uwata."

Murna ta kama Hanifa. Ta shaida wa malaminta cewa haɗin nasu ya wuce duk yadda suka zata, ga shi cikin Rima damina guda bai ko motsa ba. Malamin ya ce maza ta je ta auno shi, wannan abin a sanar da duniya ne.

Ta iso a daidai lokacin da ruwa ya yi sammakon tasowa, kowa na rige-rigen kwashe fadama. Tana tsaye a bakin gulbi da ɗan sikelinta ta hango mahaifinta tafe, jirgi shaƙe da buhunan shinkafa. Saura kaɗan ya iso gaɓa ƙasan jirgin ya buɗe. Babu ko ƙara, ruwa kawai ya bulbulo tsakanin buhuna, jirgin ya durƙusa a hankali ya kwanta kan haƙarƙarinsa.

Mutane suka auka ruwa ana salati, ana jan abin da ya jawu. Rabin shinkafar ta bi gulbi. Shi kuwa mai shinkafar bai taɓa buhu ko ɗaya ba. Ya nutse ta gindin jirgin, ya ɗago ya shaƙi iska, ya sake nutsewa, Hanifa na ta kiran sunan Allah.

Can ya fito yana tari, hula ta tafi. Ya tako har gabanta, ya goge abin da ke hannunsa da gefen riga. Fenti shuɗi sumul, giris na ƙyalli, roba na reto a jikin ƙusa.

Hanifa ta dubi robar, ta dubi bakin jirgin da ya rage a saman ruwa. Ta buɗe baki za ta yi bayanin cewa fentin da robar ne suka hana ruwa cin dunƙulen har ya koma kan jirgin, sai tsohon ya riga ta.

"Jirgi dai ya tahi, uwata," ya ce, yana miƙa mata. "Amma naki, duba ki gani, ko ƙwarzane ban bari ya yi ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta tura sikelin cikin jaka.

"Na gani, Baba," ta ce. "Sannu da ƙoƙari."