Alkawarin Tsohuwa

"Tsohuwa, ko rabin ƙoƙo ne. Ko na gindin tulu, wanda za ki zubar."

Baƙo ne tsaye riƙe da dangar gidanta da hannu biyu, yana rawar jiki har dangar na kaɗawa. Tsohuwa ba ta ɗago ba, ta ci gaba da juya tukunya. Shekara ashirin tana dafa giya a wannan unguwa ta Maguzawa da ke bayan Mahuta, ba ta taɓa hana maƙwabcin nan nata ba sai jiya.

"Na yi wa matarka alkawari. Sai ta dawo."

Matar kuwa, Baturiya, ta ga rayuwa a hannun Baƙo. Ba ya duka, ba ya zagi, mutum ne mai ban dariya, amma abin da ya shigo gidan nan sai ya bi ta maƙogwaronsa. 'Yarsu ɗaya tak, tana aure a Maska wurin wani marini. Tun ranar da aka kai ta, Baturiya ba ta da buri sai ta saƙa zanen goyo da audugar gayaunarta, ta kai da ƙafarta ranar suna. Sau biyu tana tara zare, sau biyu Baƙo na kwashewa ya musanya da giya a wata unguwa, ya dawo yana kuka yana rantsuwa. Na ukun a ɗakin Tsohuwa ta kafa masaƙa, ta saƙa shi a ɓoye kamar mai sata.

Da saƙon haihuwa ya iso, cikin Baƙo ya riga ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa. Baturiya ta durƙusa gaban Tsohuwa da zanen a hammata.

"Yaya, kwana huɗu kacal. Kada ki ba shi ko ɗigo, ki kuma roƙar mini sauran masu dafawa. In ya sha ba na nan, gawarsa zan tarar."

Tsohuwa ta bi gida gida, kowa ya yarda. Baturiya ta bi ayarin 'yan kasuwa.

A kwana na uku Baƙo ya kasa fitowa. Tsohuwa ta kai masa kunu, ta same shi yana kakkaɓe jikinsa, wai tururuwa sun rufe shi, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. Ya kama bakin zanenta.

"Ki ji tausayina. Ba don daɗi ba ne yanzu."

Ta koma gida, ta cika ƙoƙo, ta zo har ƙofar ɗakinsa. Nan ta tsaya, ta tuna durƙuson Baturiya da wahalar shekara biyu da ke cikin zanen nan. Ta juya ta mayar da giyar cikin tulu. Kafin rana ta karkata Baƙo ya yi ta fizge-fizge, har ya cika.

A bakin kabari ne dattijo Maitama ya ce, ba da kowa yake ba, "Wanda ya daɗe a cikin giya haka ba a yanke masa rana ɗaya. A hankali ake janye shi, kamar yaye." Tsohuwa ta ji. Ta juya ta nufi gida.

Washegari da hantsi ta jiyo muryar Baturiya tun daga hanyar rafi, tana dariya.

"Maigida! Namiji ne! Hancinka ya ɗauko, mummuna!"

Ta shigo, ta ga tabarmi a tsakar gida da mata zazzaune. Ta dubi Tsohuwa.

"Kin ba shi?"

"Ban ba shi ba."

Baturiya ta gyaɗa kai, ta zauna a dokin ƙofar ɗakinsa. A cinyarta akwai ƙunshin ganye, soyayyen naman suna da ta hana kanta ci a hanya, maiƙon na ɗiga kan zanenta ba ta sani ba.