Katafila Ɗaya

Mati ya sake ɗaga hannu, Alhaji Mannir ya sake danne masa shi.

"Yi haƙuri mana, Malam Mati. Ba a gama gaisuwa ba."

Gaisuwar kuwa tun hantsi ake yin ta. Wani kwamitin majalisa ne ya zo Funtua jin koken manoma. Ƙungiyar masu noman rani ta wani ƙauye kusa da Mahuta ta turo shugabanta, Alhaji Mannir, da magana guda tak: dam ɗinsu ya cike da yashi. In ba a yashe shi kafin damina ba, ruwa zai sake ƙafewa tumatir na tsaka da fure. Bara haka Mati ya tsaya yana kallon nasa ya bushe ƙurmus, shi ya sa aka haɗo shi da Alhaji don ya ba da shaida.

To, Alhaji ya samu lasifika. Ya gaida shugaban kwamiti, ya tuna masa yadda suka yi cinikin auduga da mahaifinsa, ya yi wa kakansa addu'a. Har godiya ya yi kan sabon titin da ko ta garinsu bai bi ba. Takaici ya cika Mati, ya ji kamar ya fizge abin maganar.

"Alhaji, dam," Mati ya raɗa masa bayan Alhajin ya zauna.

"Kai, ina ka taɓa ganin an tari baƙo da roƙo ranar da ya fara zuwa? Sai ya ce ba mu da tarbiyya. In ya dawo ma faɗa masa."

Ana haka aka kira azahar. Shugaban kwamiti ya miƙe yana gyara hula, fuska a sake.

"Wallahi mutanen Alhaji Mannir kun burge ni. Ko'ina muka je sai kuka, ban da ku. Katafila ɗaya ce a hannunmu bana. Tunda ku lafiya kuke, sai mu tura ta wajen mutanen Bakori, da suka kusa cinye mu ɗanye jiya."

Aka yi tafi. Na Alhaji ma ya fi na kowa ƙara.

Bayan salla, a bakin masallaci, Alhaji ya dafa kafaɗar Mati yana murmushi.

"Ka ji yadda ya yabe mu a gaban jama'a?"

"Na ji, Alhaji." Mati ya sunkuya yana sa takalmi. "In mun koma gida ka ara mini shebur."