Karan Awon Baba Nata'ala

"Auna ni, Ashafa," in ji Baba Nata'ala, ya miƙo min karan dawa daga kan tabarmar da yake kwance.

Hannuna ya ƙi karɓa. Ni kafinta ne, katanga ɗaya ta raba shagona da gidansa a Limawa, na auna ƙofofi da gadaje ba iyaka. Amma kara, gawa ake aunawa da shi a kai wa masu haƙan kabari. Wallahi na tsorata.

"Baba, da ranka? Allah dai ya ba ka lafiya."

"Amin. Auna."

Tsawonsa ne ya ciyar da shi. A shekarun sittin wani kamfani a Kaduna ya ɗauke shi ba don komai ba sai ya riƙa buga musu ƙwallon kwando. Ya buga a Legas, ya buga a Akara. Shekarar da aka ba mu jiha ya dawo gida, da ciwon gwiwa da hoto guda. Ƙofar zaurensa ma ni na ɗaga masa, goshinsa ya huta.

"Ba mutuwar ke hana ni sukuni ba," ya ce. "Jaji, abokin wasana, tsawonmu ɗaya. Da ya rasu makara ta yi masa kaɗan. Ƙafafunsa na reto har maƙabarta, na ji ana dariya ƙasa-ƙasa. Shekara ashirin ke nan ina ganin ƙafafun nan."

Na shimfiɗa karan a gefensa. Bai kai ba, sai da na ɗaura wani guntu. Shi kuwa ya rufe ido, ya miƙe sambal. Na kasa kallonsa.

Da na gwada karan, makarar masallacinmu ta gaza da taƙi biyu. Na gaya wa Liman, ya ce in yi sabuwa. Duk bugun guduma gabana sai ya faɗi, don na san Baba yana ji. Na riƙa jan aikin, gani nake ranar da na gama, shi ke nan.

A kwana na huɗu matarsa, Inna Zinariya, ta leƙo shago.

"Ya ce ka daina nawa, ajali ba jiransa zai yi ba."

Da la'asar na buga ƙusar ƙarshe, na shiga na ce, "Baba, an gama."

"Madalla," ya ce, ya ƙara miƙe ƙafafu.

Washegari da hantsi ya cika. Bayan azahar muka ɗauke shi, ni ne a wajen ƙafa. Diddigensa na kan katako, har da sauran yatsa huɗu.

Makarar na nan jingine a bayan masallaci. Daga ƙofar shagona ina hango kanta, ya ɗara katanga.