Kafin Kankare Ya Kama

Tun da maigidana ya faɗo daga saman benen da yake ginawa, ƙafafunsa suka daina jin magana, duniyarsa ta tsaya a bakin ƙofar falo. Daga ƙofar matakala ce, daga matakala kuma yashi ne har bakin get, keken guragu kuwa ba ya shiri da yashi. In za a kai shi asibiti sai an kira maƙwabta su ɗauke shi cak kamar buhu, shi kuma ya runtse ido har a ajiye shi cikin mota. Mutumin da rabin gidajen layinmu shi ya zuba musu kankare ke nan. Har yau Magini ake ce masa, amma in ya ji sunan sai ya kawar da kai.

Shi ya kawo shawarar a fasa matakalar a yi gangare, sannan a zuba daɓen kankare daga ƙofa har get. Daga kan kekensa ya tsara komai. Ya sa aka daddanne ƙasa har ta daina nutsewa, aka shimfiɗa tsakuwa, aka ɗaure rodi kamar raga, aka kafa katako a gefe da gefe. Wanda ya zame masa hannu da ƙafa shi ne ƙaninsa, Auta. Aski ne sana'ar Auta, amma da ƙuruciya ya ɗan bi yayansa wurin gini kafin ya gudu.

Ranar zubi na tura yara gidan yayata. Auta ya iso da sassafe sanye da tsohon wando.

Na ce, “Mijina na biyu, waɗannan hannayen masu ƙanshin hoda ne za su riƙe shebur?”

Ya ce, “Matar Yaya, ki dai tanadi ruwan sanyi. Yau za ki ga aikin maza.”

Dariyar ƙarshe da aka yi a gidan ranar ke nan. Mai injin kwaɓa kankare ya yi alkawarin zuwa da safe, bai iso ba sai da rana ta take. Leburori biyun da aka ɗauko har sun gaji da zama. Maigidana ya dubi sama, ya dubi injin.

Daga ƙofar falo aka fara, a bi a hankali har get, don kada masu aiki su rufe kansu. Gangaren aka fara zubawa, da kwaɓi mai kauri don kada ya zame. Maigidana yana zaune a kansa, tayar keke a bakin dokin ƙofa, yana ba da umarni.

“Caccake shi da sanda, iska ta fita. Auta, ɗaga rodin, ya kwanta a ƙasa. Ba haka ake jan katako ba, kana rami a tsakiya. Sake.”

Auta ya sake. Ya kuma sakewa. Ni kuma ina bin wani katako da aka shimfiɗa a jikin bango, ina kai musu ruwan sha. Zafi ya yi zafi, babu ko iska. Kankaren yana shan ruwansa da wuri, kowane baro ya fi na baya nauyin bazawa. Kafin a kai rabi tafin hannun Auta ya yi bororo ya fashe.

An kusa get na ga Auta ya juya wa yayansa baya, ya ɗauki bokiti ya tuttula ruwa cikin injin. Mai injin ya kawar da kai. Kwaɓin ya fito sululu kamar kunu, yana bazuwa da kansa, leburori har suna murmushi. Na tsaya da kofi a hannu, na rasa ko in yi magana ko in yi shiru.

Ban ma sha wahalar zaɓi ba. Maigidana ya ɗaga murya daga ƙofa.

“Wa ya ƙara ruwa?”

Auta ya ci gaba da baza kwaɓin.

“Ina jin ƙarar zubarsa daga nan. Auta, kai nake tambaya.”

“Ɗan kaɗan ne, Yaya. Ya ƙi bazuwa.”

“Ɗan kaɗan? Ruwan nan in ya bushe, gurbinsa rami ne a cikin kankare. Nan mota za ta taka. A kwashe shi.”

“A kwashe? Yaya, ka dubi hannuna.”

“Na ce a kwashe. Aikin ganin ido ba a gidana ba. Dama tun kana yaro haka kake, in abu ya yi wuya sai ka nemi hanyar ragwaye.”

Auta ya yi jifa da shebur. Idanunsa sun kaɗa. Ya ce, “To in ka iya, sauko ka yi da kanka.”

Mai injin ya kashe injinsa. Maigidana ya dubi ƙafafunsa, sannan ya ɗago ya dubi ƙaninsa. Auta ya juya ya fice ta get.

A lokacin ne iska ta kaɗo, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Hadari ya haɗo ta bayan gida, baƙi ƙirin, duk muna ta rigima ba mu lura ba.

“Maman yara,” in ji maigidana, muryarsa ta sauya, “tampol. Yana bayan ɗakin girki. Yi sauri. In ruwa ya daki saman nan zai wanke simintin, yashi kawai zai bar mana.”

Mai injin ya ce shi dai injinsa ba ya son ruwa. Ya kira leburorin su taya shi tura shi rumfar maƙwabci, suka fita tare da shi. Na ruga na jawo tampol ɗin, mai nauyin tsiya, na kawo bakin ƙofa. Yayyafi ya fara sauka, kowane ɗigo yana barin ɗan rami a saman kankaren.

“Ba ni wannan bakin in riƙe,” ya ce. “Ke bi katakon ki ja shi gaba.”

Ya naɗe bakin tampol a hannunsa. Na bi jikin bango ina warware shi, silifas ɗina suna zamewa. Na kusa rabi sai iska ta shiga ƙarƙashinsa. Ya kumbura, ya tashi sama, ya fizge daga hannuna. Shi kuwa bai saki ba. Na ga keken ya ɗan yi gaba. Na ga hannunsa ɗaya ya kai ga birki, amma tayar gaba ta riga ta tsallake dokin ƙofa.

“Saki!” na yi ihu. “Saki mana!”

Keken ya gangaro. Ƙananan tayoyin gaba suka nutse cikin kankare suka cije, keken ya tuntsure, ya kifa shi da fuska.

Ban san lokacin da na diro daga katakon ba. Kankaren ya haɗiye ƙafafuna har idon sawu, silifas suka tsaya a ciki. Ruwa ya ɓarke. Na iske shi ya dafa hannaye yana ƙoƙarin ɗago kai, rabin fuskarsa toka-toka, ido ɗaya a rufe. Na janye keken gefe, na rungumo ƙirjinsa na ja. Ko motsi bai yi ba. Ƙafafunsa sun lanƙwashe, takalminsa ɗaya ya shige ƙarƙashin rodi.

“Bar ni,” ya ce yana tofar da yashi. “Rufe kankaren tukuna.”

“Kankaren ya ci ƙaniyarsa!”

Abin da ke raina daban ne. Shi da bakinsa ya sha gaya mini ɗanyen siminti yana cin fata kamar wuta, a hankali, ba ka sani sai ya gama. Mai lafiya yakan ji zafi ya janye. Shi kuwa daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, ga wandonsa ya jiƙe sharkaf da kwaɓi. Na sake ja da duk ƙarfina, bayana ya amsa. Na ƙwala wa leburori kira, ƙarar ruwa a kan kwano ta shanye muryata.

Sai na ji ana fantsama cikin kankare daga wajen get. Auta ne, da naɗin baƙar leda mai faɗi a kafaɗarsa. Ashe da ya fita ya ga hadarin, shagon mai kayan gini ya ruga. Ya yar da ledar, ya durƙusa.

“Yaya! Yaya!”

“Ƙafarsa,” na ce. “Ta maƙale a rodi.”

Ya cusa hannayensa masu ciwo cikin kwaɓin, ya zare ƙafar ya bar takalmin a can. Ya juya ya ba yayansa baya. Na ɗora masa shi, ya miƙe yana tangaɗi, ya hau gangaren yana nutsewa, ni ina tura shi ta baya, har muka faɗa cikin falo.

“Ledar,” in ji maigidana. “Auta, ledar.”

“Je ka,” na ce masa. “Ni zan ji da shi.”

Na ja shi banɗaki a kan tabarma. Na sa almakashi na yanke wandon, na buɗe famfo, na dinga kwarara masa ruwa. Na buɗe idon da yatsuna ina zuba ruwa yana zagina, ban fasa ba sai da ya ce yana ganina sarai. Na bi ƙafafunsa gaba da baya, har tsakanin yatsu. Gwiwoyinsa sun yi ja, amma fatar ba ta tashi ba. Daga waje ina jin Auta yana yi wa leburori tsawa, sun dawo, suna danne bakin leda da bulo.

Ruwan bai daɗe ba. Yadda ya zo da gaggawa haka ya ɗauke. Na sa wa maigidana kaya busassu, Auta ya wanke keken ya shigo da shi, muka mayar da shi bakin ƙofa. Aka ɗage leda. Daɓen ya tsira, in ban da 'yan tabon ɗigon ruwa da sawun ƙafafunmu. Gangaren kuwa kamar an yi dambe a kansa: ramin tayoyi, ramin gwiwa, rodi a waje, ruwa ya kwanta a kowane gurbi.

Auta ya tsaya kansa a ƙasa. “Yaya, maganar da na faɗa...”

“Danna yatsanka a gefen can,” in ji yayansa. “Ya shiga?”

“Ya shiga, amma da ƙyar.”

“To da sauran lokaci, amma kaɗan. Ku tsane ruwan da soso, kada wanda ya shafe shi cikin kankare. Ka kwaɓa sabo da hannu, mai kauri. Sannan ku ciro ƙyauren ɗakin ajiya, ku gitta shi a kan katakon gefe.”

“Ƙyaure kuma? Na me?”

“Ka ce in sauko.”

Na ce ba zai yiwu ba. Ya dube ni da jan idon nan, na ga in na hana shi, wani abu zai karye wanda ya fi gangare. Na shimfiɗa bargo da leda a kan ƙyauren, na ɗaure masa safar hannu ta roba. Suka kwantar da shi rub da ciki, Auta ya miƙa masa cokalin gini.

Da farko hannun ya yi rawa. Ya cike ramin farko, ya caccaka, ya danna, ya share. A na biyu rawar ta tafi. Leburori suna jan ƙyauren ƙasa kaɗan-kaɗan, Auta yana zuba masa kwaɓi a inda ya nuna da haɓa, babu mai magana sai ƙarar cokali a kan tsakuwa. Ni na riƙe masa ƙugu, ina jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar. Da ya kai ƙasa ya ce a kawo tsintsiya, ya ja ta a kan gangaren a gicciye don kada taya ta riƙa santsi. Sannan ya kifa goshinsa a kan bargon, ya daɗe bai ɗago ba.

Kwaɓin bakin get kuwa, wanda Auta ya ƙara wa ruwa, kafin a gama gangaren ya riga ya kama, ba damar kwashewa. Ya dube shi daga nesa ya ce a bar shi, zai nuna halinsa da kansa.

Sai da aka mayar da shi keke na ji ƙafafuna suna ci kamar an zuba barkono. Na duba. Duk wankin da na yi masa, ban wanke nawa da kyau ba. Kwaɓi ya bushe a tsakanin yatsuna da idon sawu, fatar ta yi fari ta fara salewa.

“Ke wace irin mace ce?” ya ce. “Auta, kawo ruwa a baho. Ka kira malamar jinyar nan ta bayan layi.”

Malamar jinyar ta zo ta wanke, ta naɗe mini su da bandeji, ta duba idonsa da gwiwoyinsa, ta yi mana faɗa mu duka uku, har da Auta da hannayensa. Ta ce kada in taka ƙasa sai ciwon ya rufe.

Haka muka wayi gari mu biyu a bakin ƙofa, shi a kekensa, ni a kujera da ƙafafu a kan matashi. Auta bai buɗe shagonsa ba da safen nan, ya lulluɓe daɓen da tsofaffin buhuna, yana bi yana jiƙa su. Maigidana ya ce haka za a yi ta yi safe da yamma, kada a bari su bushe, kuma ko keken yara kada ya hau, balle mota, sai ya ba da izini. Kankaren da ya bushe da wuri, in ji shi, ƙarfinsa a fuska kawai yake.

Daga baya na bakin get ya yi abin da aka ce zai yi: samansa ya riƙa tashi kamar gari, ya tsage ta kusurwa, sai da aka fasa aka sake zubawa. Gangaren kuwa ko tsaga ɗaya. Amma a safiyar nan ba mu san haka ba tukuna. Auta ya matso da tiyo kusa da ƙofa, hannayensa a naɗe, yana ta hamma.

“Rage ƙarfin ruwan,” in ji yayansa. “Shayar da shi za ka yi, ba wanka ba.”

Auta ya rage. Ya ce, “Matar Yaya, wai haka kike fama da shi kullum?”

Na ce, “Ka dai jiƙa can gefen, ka tsallake shi.”